Tsohuwar Mota Da Sabon Takalmi: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Sake Wili

Duk wanda ya lura da titunan Kaduna, Kano, Zariya da Sakkwato, ko ya ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram, zai ga har yanzu akwai tsofaffin motoci da suka ƙi yin ritaya. Ga Fijo 504, ga Marsandi ta da, jefi-jefi kuma sai a ci karo da Bitil tana tafe tana tari. Waɗansu gado ne daga iyaye, waɗansu kuwa masu su sun saye su ne don sun san tsohuwar zuma da ita ake magani. Abin da ya haɗa su shi ne ba motocin ajiya ba ne: da su ake zuwa ofis, a kai yara makaranta, ran Juma'a kuma a nufi gida.

To, ko ba daɗe ko ba jima, mai irin wannan mota zai tsaya gaban mai sayar da taya ya ji an ce masa girman da yake nema ya yi wuya, ko kuma wani ya kwaɗaita masa wili na alminiyam mai walƙiya, ya ce in ya sa shi motar za ta koma budurwa. Wili, wanda waɗansu ke kira rim, shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa. Mutane da yawa sun ɗauka sake shi kamar sake hula ne, alhali kuwa ya fi kama da sake takalmi ga mai doguwar tafiya. In ya matse, ko ya yi yawa, ƙafa ce za ta gaya wa jiki.

Dalilin da ya sa aka yi su haka

A shekarar 1968 aka fito da Fijo 504 a Faransa, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983. Sunan da ta yi a Afirka ba a banza ta same shi ba. Ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, tseren da ake yi cikin ƙura da taɓo da duwatsu.

Sirrin ƙarfinta yana ƙarƙashinta: cikinta ya yi nesa da ƙasa, sifirinta dogo ne mai taushi, sa'an nan tayarta mai tsawon gefe ce. Injiniyoyin da suka tsara ta sun lissafa wannan gefen taya cikin abubuwan da za su shanye gargadar hanya. Watau taya ita ce sifiri na farko, kafin bugu ya kai ga na ƙarfe. Haka abin yake ga Marsandi samfurin W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da kuma Bitil da aka harhaɗa a Ikko tun daga 1975. Duk an gina su ne a zamanin da ba a san taya mai siririn gefe a motar iyali ba. Wanda ya rage wannan gefe ƙwarai ya cire wani ɓangare na motar ke nan, ko da bai kwance noti ɗaya a cikinta ba.

Karanta rubutun jikin taya

Kafin mutum ya shiga kasuwa, wajibi ne ya iya karanta lambobin da ke jikin taya. Mu ɗauki 195/65 R15. Lamba ta farko, 195, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsawon gefen tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, watau kusan milimita 127. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, 15 kuwa girman wilin ne a inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Ƙaramar 504 ta zo da 175 R14, babbar mai ɗaukar iyali kuwa da 185 R14. Mai karatu zai lura babu lamba ta tsakiya. A tsohon rubutu, in ba a sa ta ba, to gefen kusan kashi 80 cikin ɗari ne. Saboda haka gefen 175 R14 milimita 140 ne. In aka haɗa gefen sama da na ƙasa, 280, da girman wilin, kusan 356, sai a sami tsayin ƙafar gaba ɗaya: milimita 636. Wannan lamba ita ce uwa. Duk canjin da za a yi, a tabbata tsayin sabuwar ƙafa bai kauce mata da fiye da kashi uku cikin ɗari ba, sama ko ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da masana taya suka saba bi.

Ga inda ake yawan faɗawa rami. Mutum ya nemi 175 R14, sai a miƙo masa 175/70 R14, a ce ai duk ɗaya ne tun da ga 175 ga 14. Ba ɗaya ba ne. Tsayin wannan milimita 601 ne, watau ya gaza na asali da kashi biyar da rabi cikin ɗari. Cikin motar zai sauko da kusan milimita 18, abin da ya isa ya sa bututun hayaƙi ya riƙa gugar tudun rage gudu. Agogon gudu zai nuna 100 alhali motar tana 94 da ɗoriya. Tafiyar Kaduna zuwa Kano, mai kimanin kilomita 230, agogon zai ƙirga ta 243. Injin kuma zai riƙa juyi fiye da yadda ya saba a kan doguwar hanya, ya ƙara kuka, ya ƙara shan mai.

In an rasa ta asali, 195/70 R14 ta fi kusa, domin tsayinta 629 ne, kuma da ita waɗansu manyan W123 suka fito daga masana'anta. Ita kuwa 185/70 R14, mai 615, ta ɗan haura iyakar da muka faɗa.

Inci 15, 16 ko 17?

Dabarar ƙara girman wili ita ce, duk incin da aka ƙara wa ƙarfe sai a rage shi daga roba, don tsayin ƙafa ya zauna yadda yake. A kan wili mai inci 15, taya 195/65 tana ba da 635, kusan daidai da na asali. A kan inci 16, taya 205/55 tana ba da 632. A kan inci 17, taya 215/45 tana ba da 625. A takarda duk sun shiga ƙa'ida. Amma a dubi abin da ya sami gefen: daga 140 ya koma 127, sai 113, sai 97. A inci 17, kusan sulusin katifar da ke tsakanin ƙarfe da kwalta ya tafi.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai santsi, gajeren gefe yana da amfaninsa, domin mota takan fi jin sitiyari, ba ta lilo sosai a kwana. Sai dai mai zuwa aiki kullum ba a irin wannan hanya yake kwana ba. Da damina kwalta takan ɓare, rami ya ɓuya cikin ruwa. In taya mai gefen 97 ta faɗa rami da gudu, robar takan matse tsakanin bakin ramin da bakin wili, zaren cikinta ya tsinke, ta yi ƙulu a gefe. Taya mai ƙulu kuwa ba ta da faci, sai yarwa. Bugun da robar ta kasa shanyewa zai wuce ga shoka da robobin ƙafa da bodin da ya riga ya shekara arba'in yana fama, sai a fara jin ƙara a ƙofa da dashbod.

Daɗin daɗawa, akwai batun nauyi. An ɗauka alminiyam kullum ya fi ƙarfe sauƙi, amma babban wili mai araha, tare da faffaɗar tayarsa, yakan fi ƙaramin na ƙarfe nauyi. Nauyin da ke ƙasan sifiri shi ne mafi muni a mota, domin duk tudun da aka taka sai ya yi tsalle, shoka ta yi ta kokawar mayar da shi ƙasa. Injin 504 ko na 200 ba shi da ƙarfin da zai yi asara wajen juya wannan kaya, birki ma haka wajen tsayar da shi. Sa'an nan da yawa cikin motocin nan sitiyarinsu na ƙarfin damtse ne. Duk faɗin da aka ƙara wa tayar gaba, direba ne zai biya shi da gumi lokacin ajiye mota a wurin da ya matse.

Saboda haka, ga motar da ake hawa kullum, shawara ita ce a zauna a inci 14, in kuwa dole sai an ƙara, to a tsaya a 15. Wani abin da ya ƙara wa 195/65 R15 daraja shi ne tana cikin tayoyin da suka fi yawa a kasuwa, domin motoci da dama na baya sun zo da ita. Wanda tayarsa ta fashe tsakanin Funtuwa da Gusau ya fi sa ran samunta a kan wata baƙuwar lamba.

Ramukan noti

Girma ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Kowace mota tana da yawan ramukan noti, da faɗin da'irar da ramukan suka zauna a kanta. Fijo 504 da 505 ramuka huɗu ne a da'ira mai milimita 140, tsarin da kusan ba wanda ke yinsa yanzu, in ban da tsofaffin Subaru da suka yi tarayya da su a kai. Fijo na baya, irin su 306 da 406, huɗu ne a 108, don haka zumuncin suna bai sa wilinsu ya shiga 504 ba. Tsofaffin Golf da ƙananan motocin Japan da yawa huɗu ne a 100. Hanya mafi sauƙi ga mai 504 da ke son inci 15 ita ce ya nemi wilin da ya fito daga waɗansu samfuran 505, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Amma a nan akwai tarko. A 1975 kamfanin Michelin ya fito da wani tsari mai suna TRX, wanda wilinsa ba a inci ake auna shi ba, a milimita ne. Waɗansu 505 da 604 na Turai sun zo da irinsa mai milimita 390. A ido kamar inci 15 yake, alhali inci 15 milimita 381 ne, bakinsa ma daban aka ƙera shi. Tayar yau da kullum ba ta zama a kansa, tilasta ta kuwa neman fashewa ne a fuskar mai faci. In an ga 390 ko TR a jikin wili, a bar shi, sai fa in mutum ya shirya neman tayarsa ta musamman mai tsada.

Marsandi ramuka biyar ne a 112. Motoci irin su Camry biyar ne a 114.3. Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba, shi ya sa akan sami wanda zai ce da ɗan dannawa zai shiga. Zai shiga ɗin, amma notin zai zauna a karkace, ya riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan duk juyin ƙafa, har ran da zai gaji ya karye. Bitil kuwa iri biyu ce: tsofaffi masu ramuka biyar a faffaɗar da'ira ta 205, da na baya masu huɗu a 130. A ƙirga, a auna, kada a dogara da shekarar motar kawai.

Masu huda sababbin ramuka a jikin wili, ko su feƙe na da su zama dogaye, suna wasa da rai ne. Ramin da aka huda da ƙiyasin ido ba ya taɓa zama tsakiya, wilin zai riƙa rawa, kuma an raunana ƙarfen a daidai inda nauyin mota ke hawa.

Zurfin wili da ramin tsakiya

Ma'auni na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A bayan wili akan ga haruffa ET da lamba. Tana nuna nisan da ke tsakanin fuskar da ke manne da aksul da tsakiyar faɗin wilin, a milimita. In lambar ta ƙaru, ƙafar takan shige ciki. In ta ragu, sai ta leƙo waje.

Alal misali, W123 ta zo da ET 30, ita kuwa wadda ta gaje ta, W124 da ake kira Bi-but, wilinta mai inci 15 yana kusa da 49. Ramukan noti ɗaya ne, ramin tsakiya ɗaya ne, milimita 66.6, don haka mutane kan ɗauka an gama magana. Amma ƙafar za ta shige ciki da kusan milimita 19, ga kuma ƙarin faɗi, har tayar ta iya gugar ƙarafan sitiyari ko na sifiri. Ɗaya gefen ma bai fi ba. Wilin da ya leƙo waje, wanda samari ke sha'awa don yana sa mota ta yi kama da mai buɗaɗɗen ƙirji, yana ɗora wa boris nauyi ta inda ba a tsara ba, ya sa sitiyari fizga in an taka rami, sa'an nan ran da aka cika motar da mutane da buhuna bakin bodi ya yanki taya. Gwargwadon kusancin sabon ET da na asali, gwargwadon zaman lafiya.

Ramin tsakiya kuwa shi ke daidaita wili a kan aksul. Wilin kasuwa akan yi shi da babban rami don ya shiga motoci iri-iri, sai a cike giɓin da zobe na musamman. In ba zoben, motar takan kama rawa a sitiyari da zarar an kai wani gudu, a yi ta kai ta wurin saiti ba a gane ciwon ba.

Noti ma yana da nasa hukunci. Na Marsandi ƙasansa zagaye ne kamar ƙwallo, na yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsini ne kamar mazurari. In aka haɗa wannan da wancan, ɗan siririn layi ne kawai ke riƙe da ƙafar, kuma zai saki. Alminiyam ya fi ƙarfe kauri, saboda haka yana bukatar noti mai tsawo, wanda zai yi zagaye bakwai ko takwas kafin ya ɗaure. Amma in safayar ta ƙarfe ce, a ajiye gajerun notinta a but, domin dogon yana iya zarcewa ya taɓa kayan birkin hannu a ƙafar baya. Bayan an sa sabon wili, a sake ɗaure noti in an yi kilomita 50 zuwa 100.

Faɗin wili shi ma sai ya dace da na taya. Wilin Bitil inci 15 ne, amma siriri ne, inci huɗu ko huɗu da rabi. Taya 195/65 R15 tana bukatar aƙalla inci biyar da rabi. In aka cusa ta a na Bitil za ta yi tumbi, ta ci ta tsakiya, ta riƙa lanƙwashewa a kwana, kuma da wuya ta shiga mazaunin safaya a gaba. Abin da ya dace da ita shi ne 155 ko 165 R15.

Ƙarfe ko alminiyam?

Wilin ƙarfe in ya bugi rami lanƙwasa yake yi, mai faci na bakin hanya ya miƙe shi da guduma, a ci gaba da tafiya. Na alminiyam, musamman mai araha, tsagewa yake yi, iska ta riƙa zurara. Akan yi masa walda, amma zafin walda yana rage ƙarfin wurin, ba kuma mai iya ba da tabbacin ba zai sake buɗewa ba. Wanda zai sayi na hannu ya wanke shi, ya duba bayansa da gindin kowane reshe cikin hasken rana, ya kuma sa a juya shi a injin saiti kafin ya biya kuɗi. Araha ba ta ado.

Nauyin kaya da shekarun taya

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 88T. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 84 kilo 500 ne, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Harafin kuwa iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Ita 175/70 R14 da muka ambata yawanci 84 ce, ta asalin kuwa 88. Watau ban da gajarta, ta kuma rage kilo 60 a kowace ƙafa, 240 a mota. Ga wanda ke ɗaukar iyali da tsarabar hatsi a zafin watan Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zafi da nauyi su ne ke fasa taya. Kada a sauka ƙasa da lambar da motar ta zo da ita.

Tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop a Ikko ta bi baya a 2008, kasuwar taya ta dogara ga shigowa daga waje, a ciki har da na hannu, ko da yake doka ta hana shigo da su. Kwaɗayin babban wili yakan ƙare a nan: mutum ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfe, ya ga sabuwar taya mai inci 17 ta fi ƙarfin albashi, sai ya koma wa gwanjo. An je neman ƙiba an samo rama. A jikin kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Kafin a biya kuɗi

A gwada wili ɗaya a gaba tukuna. A juya shi da hannu a ji ko yana taɓa birki. A sauke motar daga jak, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu a tabbata akwai sarari. A gwada a baya, a sa mutum uku su zauna, a duba tsakanin taya da bakin bodi. A tabbata tsayin safaya ya yi daidai da na sauran, domin 504 da Marsandi da Bitil duk da ƙafar baya suke ja, kuma ƙafafu biyu masu bambancin tsayi suna wahalar da aksul. Iska kuwa a auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi, a bi abin da masu motar suka rubuta, ba bugun ƙafar mai faci ba.

Daga ƙarshe, kada a sayar da wilin asali ga 'yan gwangwan. Motocin nan an daina yinsu, kayansu kullum raguwa suke yi, kuma masu neman tsohuwar mota sun fi daraja wadda ke tsaye a kan ƙafafunta na gado. A wanke su, a shafa musu fenti, a jingine a ɗaki. Motar da ta yi shekara arba'in tana kai mutane gida lafiya ta riga ta nuna cewa waɗanda suka auna ƙafarta sun san aikinsu, saboda haka mai son yi mata ado ya yi shi cikin iyakar da suka shata. Allah ya kiyaye hanya, amin.